Dakoro: janyewar masu tallafi na tilasta wa ƙwararrun bayanai sake lissafin kuɗin aikinsu

A ranar 1 ga Yulin 2025 ne hukumar USAID ta Amurka ta daina aiki a hukumance, watanni biyar da ƴan kwanaki bayan da shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje a ranar 20 ga Janairu. Tun a watan Maris sakataren harkokin wajen ƙasar, Marco Rubio, ya sanar da soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumar. A nan gida ma fagen ya riga ya ƙuntata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abokan hulɗa da dama sun dakatar da kuɗaɗensu, a watan Nuwamban 2024 ma'aikatar cikin gida ta janye izinin aiki na ƙungiyoyin ACTED da APBE, sannan a Fabrairun 2025 aka umurci kwamitin CICR ya bar ƙasar.

An yi ta sharhi kan abin da waɗannan matakai ke nufi ga asibitoci da rabon abinci. Ba a cika maganar wani rukuni na matasa da abin ya shafa kai tsaye ba, wato masu tattara bayanai a ƙauyuka, masu tace su a kwamfuta, da masu rubuta rahoton da ake yanke shawara a kansa. Yawancinsu ba ma'aikatan kowa ba ne, kwantiragi ke ciyar da su, daga wannan bincike zuwa wancan. A gundumar Dakoro, inda wannan sana'a ta yi shekaru tana tafiya da kuɗin ƙungiyoyin agaji, tambayar da ke gabansu yanzu ita ce wa zai sayi aikinsu, kuma nawa za su ce a biya.

Yadda sana'ar ta kafu

Ba abin mamaki ba ne da Dakoro ta zama wurin da ake yawan bincike. Gundumar, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da 600,000, tana zaune ne a mahaɗar noma da kiwo. Kudancinta, wajen Kornaka da Sabon Machi, ƙasar gero da wake ce. Arewacinta kuwa, daga kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, waɗanda aka mayar gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙasar makiyaya ce. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa wannan yanki. Idan damina ta gaza, manomi da makiyayi duka suna ji a jikinsu a shekara guda, kamar yadda aka gani a yunwar 2005 da kuma mutuwar dabbobi ta 2010.

Kowace irin wannan masifa takan bar tsarin tattara bayanai a bayanta. Gwamnati na da tsarin gargaɗin farko na SAP, da kwamitocinsa na ƙauyuka da na ƙananan hukumomi. Akwai SIMA mai bin farashin hatsi a kasuwanni, da takwararta mai bin farashin dabbobi. Alƙalumman da ake samu suna shiga nazarin Cadre Harmonisé na ƙungiyar CILSS, wanda da shi ake ƙiyasta yawan mutanen da za su buƙaci agaji a lokacin bazara da farkon damina. Ƙungiyar CARE ta gudanar da shirinta na ALP kan sauyin yanayi a gundumar tun daga 2010, inda aka kafa ma'aunan ruwan sama a ƙauyuka. Ƙungiyar makiyaya ta AREN ta daɗe tana bin halin makiyaya da rijiyoyi a arewacin yankin.

Kowane shiri kuma yakan buƙaci bincike a farkonsa, da tsakiyarsa, da ƙarshensa. Daga nan ne matasan da suka fito daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da sauran makarantu suka samu ƙofa. Sun koyi cike tambayoyi a waya ko kwamfutar hannu da manhajojin KoboToolbox da ODK, wasu suka ci gaba zuwa Excel da SPSS da Power BI, har suka kai ga karɓar aiki da sunan kansu.

Illar biyan kwana-kwana

Tsarin biyan da aka gada daga wannan zamani shi ne na kwana. Ana ɗaukar mutum kwana goma ko ashirin, a ba shi kuɗin aiki na kowace rana, a haɗa masa da kuɗin guzuri, abin da aka fi sani da perdiyem. A lokacin da bincike ke bin bincike, tsarin bai damu kowa ba. Idan aka gwada abin da mutum ke samu a mako biyu na fita daji da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a wata, sai a ga kamar riba ce babba.

Lissafin yana da rami biyu. Na farko, kuɗin guzuri ba riba ba ne, kuɗin ci da kwana da mai ne. Wanda ya kwana a ɗakin ɗan'uwa don ya ajiye su, ya rage wa kansa ne, bai ƙara farashin aikinsa ba. Na biyu, kuma shi ne mafi girma, ma'aikacin da ke kan albashi ana biyansa wata goma sha biyu, mai zaman kansa kuwa ranakun da aka kira shi kawai ake biyansa. Ranakun neman aiki, da rubuta takardun tayi, da jiran amsa, da rashin lafiya, babu mai biyansu sai shi kansa.

A ɗauki misali, don a ga yadda lissafin yake. Mutum yana son ya riƙa shiga gida da sefa 150,000 a wata, wato 1,800,000 a shekara. Kwamfuta da waya da kuɗin intanet da gyaran babur da buga takardu su ci masa 600,000. Jimilla 2,400,000 ke nan. Idan ya raba wannan da ranakun aiki 260 na ma'aikacin ofis, zai ga kamar jika tara da ƴan kai a rana sun ishe shi. Amma idan ranakun da yake samun aikin biya ba su wuce 100 a shekara ba, farashinsa na gaskiya shi ne jika 24 a rana. Duk abin da ya karɓa ƙasa da haka, daga jarinsa yake ci, ko da bai lura ba sai ranar da kwamfutar ta mutu ya rasa kuɗin sabuwa.

Ko jika 24 ɗin ma na iya narkewa. Idan kwantiragi ya ƙidaya kwana goma na fita daji kawai, alhali tace bayanai da rubuta rahoto da gyare-gyaren da mai aikin ya nema sun ci wasu kwana takwas, to sefa 240,000 ɗin ta kwana goma sha takwas ce, wato jika 13 da ɗan ƙari a rana. Abin lura shi ne waɗannan kwanaki takwas da ake bayarwa kyauta su ne suka fi buƙatar ƙwarewa. Cike tambayoyi a waya ana koya wa sabon ɗalibi cikin kwana uku. Gano cewa alƙalumman wani ƙauye ba su yi daidai ba, da sanin dalili, da faɗa wa mai aikin abin da ya kamata ya yi, wannan sai wanda ya daɗe a fagen kuma ya san ƙasar.

Yanzu da ayyukan suka ragu, masu neman su kuma ba su ragu ba, gasar karya farashi ta fi tsanani a ɓangaren tattarawa, domin a nan ne kowa ke iya maye gurbin kowa. Wanda bai da abin sayarwa sai kwanakinsa, zai iske kansa yana ciniki da wanda ya yarda da rabin kuɗinsa.

Sayar da amsa maimakon kwana

Hanyar fita daga wannan gasa ita ce mutum ya sa farashi a kan abin da zai miƙa a ƙarshe: rahoto, ko taswirar rijiyoyi da burtalai, ko jadawalin farashi da ake sabuntawa kowane wata. Farashin kwana yana nan a cikin lissafinsa, shi ne ma'aunin da yake auna tayin da shi, amma abin da ke kan takarda shi ne aikin da za a karɓa da kuɗinsa dunƙule. Amfanin hakan ga ƙwararre shi ne saurinsa ya zama ribarsa. A tsarin kwana, wanda ya gama aikin mako cikin kwana uku ya rage wa kansa kuɗi ne.

Haɗarin farashin dunƙule kuwa shi ne aikin ya yi ta faɗaɗa bayan an gama ciniki. A ƙara ƙauyuka biyar, a nemi fassara, a dawo da rahoto sau huɗu. Maganin wannan a rubuce yake: yawan ƙauyuka da gidajen da za a ziyarta, sau nawa za a yi gyara, da farashin duk abin da ya wuce haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba a faɗa ba kafin a sa hannu, da wuya a biya shi daga baya.

Kuɗin zirga-zirga ma ya kamata ya tsaya daban da kuɗin ƙwarewa. Daga Maradi zuwa Dakoro tafiya ce ta fiye da kilomita 100, daga Dakoro zuwa rugagen arewa kuwa hanyar rairayi ce mai cin mai da taya. Gwamnati ta rage farashin litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma ƙarancin man da aka yi fama da shi a Maris ɗin 2025 ya nuna cewa farashin gidan mai da abin da mutum zai biya a bakin hanya ba lalle su zo ɗaya ba. Wanda ya cusa kuɗin mai cikin farashinsa dunƙule, shi zai ɗauki asarar duk ranar da kasuwa ta juya.

Sai maganar lokacin biya. Darasin da 2025 ta koyar shi ne ana iya dakatar da shiri cikin dare ɗaya, da umarni daga Washinton ko daga Yamai, kuma wanda ke ƙarshen layin biya shi ne ɗan kwantiragin da ya riga ya kashe kuɗinsa a daji. Don haka raba biya kashi-kashi ya zama dole: wani kaso a ranar sa hannu wanda zai ɗauki nauyin fita, wani bayan miƙa bayanai, ragowar bayan karɓar rahoto. Ya kamata kuma takardar ta faɗi abin da za a biya idan aka tsayar da aiki a tsakiya. Wanda ya ci bashi ya ɗauki matasa biyar ya fita da su kan alƙawarin baki, ya zama shi ne mai ba ƙungiyar rance ba tare da ya sani ba.

Takardu da haraji

Da yawa daga masu wannan sana'a ba su da lambar haraji ta NIF, ba su kuma yi rajistar kasuwanci ta RCCM ba. Dalilinsu sananne ne, suna tsoron kada rajista ta jawo musu masu karɓar haraji. Sai dai rashin takardun yana da nasa farashi. Wanda ba shi da su ba ya iya shiga gasar neman aiki da sunansa, dole ya raɓe a ƙarƙashin wani ofishin bincike na Yamai ko Maradi, wanda zai karɓi kwantiragin, ya riƙe kaso mai tsoka, ya ba shi na kwana. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta tanadi matsayin ƙaramin ɗan kasuwa tun gyaran da aka yi mata a Lome a Disamban 2010, domin sauƙaƙa wa irin waɗannan mutane shiga tsari.

Wanda ya yi rajista kuma sai ya san abin da lambar da ke kan kwantiragi ke nufi. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Idan mutum yana cikin rukunin masu karɓar wannan haraji, aka rubuta masa miliyan ɗaya da haraji a ciki, abin da ya rage masa bai wuce sefa 840,336 ba. Akwai kuma kason harajin riba da masu ba da aiki ke cirewa tun kafin kuɗi su iso hannu. Tambaya ɗaya kafin sa hannu, da haraji ne ko ban da haraji, da neman takardar shaidar abin da aka cire, sun isa su hana rigima a ƙarshen aiki.

Akwai wata dokar da ba a cika tunawa da ita ba. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Jerin sunaye da lambobin wayar iyalan da aka yi wa tambayoyi ba dukiyar mai binciken ba ce, ba zai ɗauke su daga wannan aiki ya sayar wa wancan ba. A wuri kamar Dakoro, inda kowa ya san kowa, wanda aka taɓa kamawa da haka ya rufe wa kansa ƙofar ƙauyukan da yake ci da su.

Su wa za su saya a gida

Duk wannan lissafi ba zai yi amfani ba idan babu mai saye. Ƙungiyoyin agaji ba su ƙare ba, kuma waɗanda suka rage suna fuskantar matsin nuna wa hukuma da masu ba su kuɗi abin da suka yi da kowane dala, wanda hakan aiki ne ga masu iya lissafi da rahoto. Amma dogaro da su kaɗai shi ne ya kawo halin da ake ciki. Akwai masu buƙatar bayani a cikin gundumar kanta, sai dai ba su saba biyansa ba.

Na farko su ne ƴan kasuwar hatsi da dabbobi. A nan dole a fahimci abin da ba za su saya ba. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ma'ana, farashin tiya a yau a Sabon Machi ko Maradi, ɗan kasuwa na samunsa da kira ɗaya, ba zai biya kowa a kansa ba. Abin da kira ɗaya ba ya ba shi shi ne lissafin kansa: nawa buhu ya tsaya masa bayan dako da hayar sito da asarar ƙwari, a wane wata ne sayarwa ta fi masa riba a shekarun baya, kuma wane abokin ciniki ne bashinsa ya fi daɗewa.

Sauye-sauyen shekarun nan sun sa irin wannan lissafi ya ƙara daraja. Faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta sauya ribar kai kaya Najeriya. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, gab da babbar salla, ta dakatar da fitar da dabbobi. Kowane mataki irin wannan yana sauya amsar tambayar ko a sayar yanzu ko a ajiye, kuma wanda ke da jarin miliyoyi a sito ko a garke yana da dalilin biyan wanda zai tsara masa lissafin.

Na biyu su ne ƙungiyoyin manoma masu ajiye hatsi a matsayin jingina su karɓi rance, tsarin da aka yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, da bankunan hatsi da na abincin dabbobi, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991. Dukkansu suna riƙe da littattafan shiga da fita da ba a cika nazarinsu ba. Na uku su ne ƙananan hukumomi, waɗanda kantomomi ke jagoranta tun rushe majalisunsu a Afrilun 2024. Harajin kasuwannin dabbobi na daga cikin manyan hanyoyin shigar kuɗinsu, kuma sanin adadin dabbobin da ke shiga kasuwa a kowane mako, a gwada shi da abin da ya isa baitulmali, aiki ne da ke iya biyan kansa.

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce waɗannan masu saye ba za su biya farashin ƙungiyar ƙasa da ƙasa ba. Babu ɗan kasuwar da zai ba da jika 24 a rana don rahoto mai shafi arba'in da Faransanci. Abin da zai iya karɓa shi ne ƙaramin kuɗi na wata-wata, a madadin shafi guda da Hausa, ko saƙon murya ta WhatsApp, da ke faɗa masa inda kuɗinsa suke. Mutum goma masu biyan jika goma sha biyar a wata sun kai sefa 150,000, kuma ba za su tafi gaba ɗaya a rana guda don an sauya gwamnati a wata ƙasa ba. Samun goman shi ne aikin, kuma zai ɗauki lokaci, domin ɗan kasuwa ba ya buɗe littafinsa ga wanda bai amince da shi ba.

Abin da ƙasa za ta rasa

Maganar ta wuce aljihun masu sana'ar. Lokacin da shafin FEWS NET, tsarin hasashen yunwa da Amurka ta kafa a 1985, ya rufe a ƙarshen Janairun 2025 na tsawon watanni, ƙasashen Sahel sun ga yadda wani ɓangare na abin da suka sani game da kansu ke rataye da kasafin kuɗin wata ƙasa. Hukumomin Nijar suna yawan maganar diyauci da dogaro da kai. A fagen bayanai, hakan na nufin a samu mutane a Dakoro da Bermo da za su iya faɗin halin da makiyaya da rumbuna ke ciki kafin dabbobi su fara faɗuwa, kuma a samu masu biyansu a cikin gida.

Waɗannan mutane suna nan, an kashe shekaru da kuɗi wajen horar da su. Idan sana'ar ta kasa riƙe su, za su koma kabu-kabu, ko su nufi Agadez da Yamai, kuma binciken da za a buƙata a shekarar fari mai zuwa sai an ɗauko baƙi su yi shi da tsada. Ƙananan hukumomi da ma'aikatun gunduma na iya taimakawa ta hanyar raba ayyukan bincike ƙanana yadda ɗan gida mai rajista zai iya nema, da kuma biya a kan lokaci. Sauran kuwa yana hannun masu sana'ar: su san ranakun da suke aiki a shekara, su sa kwanakin tebur a cikin farashi, su daina fita daji ba tare da takarda ba.